Hannun Arvo

Dala arba'in na biya a garin Ely,
a bakin garejin wata dattijuwa, Lorraine.
Ta ce, "Shekara uku ke nan ban ji muryarsa ba."
Ban tambaye ta ba: zarton injin take nufi, ko mai shi.

Na kai shi gida, na ɗora a benci, na ja igiya.
Ta biyo ni salin-alin
kamar akuyar da ta saba da hanyar kasuwa.
Oga Tanimu na Panteka ya sha faɗa mana:
injin da bai yi maka musu ba, numfashinsa ya ƙare.
Na ɗaga shi da igiyar, ya sulale ƙasa.
Matsi ya tafi.

Na kwance filogi: fari fat, kamar tokar murhu.
Na mai lafiya launin ƙosai yake.
Wannan yunwa ce,
iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan,
ya yi ta aiki da zazzaɓi ba wanda ya sani.

Na cire salansa, na haska tocila ta ƙofar hayaƙi.
Ga fistin da zane uku daga sama har ƙasa
kamar tsagen da ke kuncin kakata,
sai dai wannan ba askar wanzami ba ce, zafi ne.
Ringi ya maƙale a raminsa.
Na bi zanen da farce, farce ya tsaya.

Amma tabo ba shi ne ciwo ba.
Na toshe kowace ƙofa, na hura iska, na shafa ruwan sabulu.
Can gefe, wajen robar da ta tsufa,
kumfa ta taso, ɗaya, biyu,
ɓarawo ya nuna kansa.
Kafar da ba ta kai ƙwayar gero ba
ita ta ci inji.

Sai da na ɗaga silinda, na juya ta ga fitila,
na gane ba ni kaɗai ba ne a ɗakin.
Wani ya riga ni shiga nan da magagari.
An faɗaɗa ƙofar hayaƙi, an ɗaga rufinta
kaurin gashi biyu, ba ƙari,
an goge bakinta sumul don kada ringi ya yi tuntuɓe.
Kamfani ba shi da wannan haƙurin.
Hannun mutum ne, kuma bahago,
karkatar gugar ce ta tona shi.

Ƙofofi biyu na gefe, inda mai ke hawowa:
ɗaya santsi kamar cikin sabuwar ƙwarya,
ɗayar kuwa an fara, an kauce,
an dawo, an sake kaucewa,
an bari.

Na kira Lorraine.
Ta yi shiru har na ji agogon bangonta.
"Arvo bahago ne, ƙwarai.
Sanyin ƙarshe hannunsa ya soma rawa,
ko kofi sai ya riƙe da biyu.
Haka ya mayar da shi, ya yanka itacen shekarar,
ya ce in ƙanƙara ta narke zai ƙarasa."

Na sayo fistin, ringi da roba.
Na shimfiɗa takarda a kan ƙofar da ya gama,
na shafa fensir har siffarta ta fito,
na juya ta a kan 'yar'uwarta.
Ni badame ne.
Dare uku ina koya wa damata tafiyar hagu,
ƙurar ƙarfe a gemuna,
ƙanƙara na taruwa a taga.

Ba ta kai tasa kyau ba. Ba zan yi ƙarya ba.

Ranar Asabar na zuba mai, na taka hannun, na ja igiya.
Ta fizge ni har kafaɗa.
Oga Tanimu, ga musu!
Ja na uku ya yi tari, na huɗu ya yi ruri,
karen maƙwabta ya amsa.

Na kira ta, ban ce komai ba,
na miƙa wayar kusa da salansa.