Safiyar Bayan Muhawara

Ƙarfe shida na buɗe shago,
dusar ƙanƙara ta binne Iowa har gwiwa.
Na ɗora kofi, na fasa ƙwai goma sha biyu.
Kafin su soyu Merle ya shigo da magana a baka,
takalminsa na tsiyayar ruwa a kan daɓena.

"Matar nan ta yi musu kaca-kaca jiya," in ji shi,
"sauran shidan duk ta shanya su kamar wanki."
Arlo mai gyaran tarakta ko safar hannu bai cire ba:
"Wa ya faɗa maka? Tashar nan taka,
wadda ko kaza ta ƙi yin ƙwai sai ta ce laifin jam'iyya ne?
Sanatan ne ya yi zarra. Minti goma sha tara aka ba ta,
shi takwas, su ma ana katse shi."
"Kai ka ƙirga?"
"An ƙirga."
"Wa?"
Arlo ya hura kofinsa.

Lorna, da ta koyar da rabin garin nan karatu,
ta ce masu tambayar 'yan amshin shata ne,
tun kafin fid da gwani an riga an fid da shi.
Surukinta na Des Moines ne ya gaya mata,
shi kuma daga bakin mai sharhi a rediyo,
mai sharhin kuwa, Allah masani.

Ra'ayi ya zama rigar gwanjo:
kowa ya saka ya ce ɗinkinsa ce,
ga warin hammatar wani a jiki.

Ni dai ina juya ƙwai.
Abin da na sani, na sani:
bakwai da minti goma ƙanƙara ta karya turken wuta
a bayan rumbun masarar su Tiedemann,
gari ya yi duhu ɗungurungum har asuba.
Na hango tocila a tagar Merle.
Na ji janareton Arlo ya yi tari sau uku, ya mutu.
Ba wanda ya kalli muhawarar nan, har ni.
Guntaye muka tsinta da safe,
daƙiƙa ashirin-ashirin a tafin hannu,
wani ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya miƙo.
An ce gani ya kori ji.
Mu nan ji ne ya kori gani, ya haye kujerarsa.

Sai tsoho Gunnar, can kusa da murhu,
ya gyara na'urar kunnensa:
"To me suka ce kan asibitinmu?
Watan Maris za a rufe ɗakin haihuwa.
Jikata cikinta wata bakwai,
mil sittin ne zuwa na gaba."

Cokali ya daina ƙara.
Merle ya ja fuskar waya sama, ya ja ƙasa.
Ga girar da sanata ya ɗaga,
ga ruwan da matar ta kurɓa kafin amsa,
ga wanda harshensa ya yi tuntuɓe, an maimaita sau tara.
Asibiti babu.

"Ƙila sun taɓo," in ji Lorna, "awa biyu ce fa."
"Ko sun taɓo an ɓoye," in ji Arlo.
"Tasharku ce za ta ɓoye," in ji Merle,
wuta ta sake kamawa daga inda ta tsaya.

Gunnar ya ajiye dala uku ƙarƙashin faranti,
ya ja hularsa, ya fita cikin farin.

Na ɗauki alli na rubuta a allo,
ƙasan farashin miyar yau:
za a sake nuna ta dukanta ƙarfe takwas,
ku zo, kofi kyauta.
Duk suka karanta, duk suka gyaɗa kai.

Da dare na jera kujeru goma.
Na tsaya na dube su,
na mayar da takwas.