Wutar da Ba Ta Barin Toka

Daga Kakuri murhun nan ya zo,
A bayan a-kori-kura, ɗaure da igiya,
Ran da aka yi gwanjon kayan masaƙa.
Ya shekara goma yana shan tsatsa,
Ƙadangaru na shiga cikinsa su huta.

Baba Jatau ya zagaya shi sau biyu,
Ya ƙwanƙwasa shi da awartaki.
"Ilu, kuɗinka ne, ba nawa ba.
Amma tun ina goye nake jin zugazugi,
Ban ga maƙerin da ya sayo iska a tukunya
Ya ce da ita zai hura wuta."

Na yi shiru. Gawayin ƙirya ya yi tsada,
Buhu guda ya ci kuɗin garma uku,
Ga manoman Kujama na jiran fartanya,
Ga damina ta kusa, ba a ce mata dakata.

Na jona tiyo, na ƙyasta ashana.
Sai ga harshe rawaya kamar na jagwal,
Ya leƙo waje, ya lashe min gira,
Ya shafe rufin kwano da baƙi.
Rabin Panteka ta fito kallo,
Har mai shayi sai da ya kyakyata.

Kallamu mai walda ya tsallako kwata,
Ya kwance bakin bututun, ya ɗaga shi ga rana.
"Wannan hudar ta gas mai sauƙi ce.
Naka na tukunya mai nauyi ne, mai ƙarfi.
Ka buɗe masa ƙofar gari,
Alhali kafar allura ta wadatar.
Sai an toshe, an sake huda, an ƙuntata."

Muka cike ta da tagulla,
Muka huda sabuwa, siririya kamar tsinke.
Na sayo regileta mai agogo a Kasuwar Barci,
Na ɗaure kowace gaɓa da sifana,
Na bi ta da kumfar sabulu.
Wuri ɗaya ya tashi ƙwai-ƙwai kamar na kwaɗo,
Na kwance, na naɗe, na sake matse ta.

Tukunyar kuwa waje na kai ta, gindin dalbejiya.
Gas ɗin nan in ya tsere ba ya tashi sama,
Ƙasa yake bi, ya sami rami ya kwanta.

Na sake kunnawa. Allurar agogo ta hau,
Wutar na tari, tana ɗaukewa, tana dawowa.
Na rage, na ƙara, zufa na ɗiga a haɓata.

Baba bai dubi agogo ba.
Ya rufe ido, ya karkata kunne.
"Yunwar iska take ji," in ji shi.
Ya ɗauki murfin gwangwanin madara,
Ya liƙa a bakin shigar iska da ƙusa,
Yana gusa shi kaɗan-kaɗan da ɗan yatsa,
Yadda yake sassauta hannu a kan fata
Shekara hamsin, in ƙarfe ya kusa nuna.
Tarin ya tsaya. Gurnani ya daidaita.

Shuɗiya ta fito, gajeriya, mai tsini.
Na cusa guntun sifirin mota,
Ya yi ja, ya koma ruwan manja,
Kafin Baba ya gama tauna goronsa.
Ya karɓi masaba, bai ce komai ba,
Uwar maƙera ce ta yi magana a madadinsa,
Har fartanyar farko ta fito da kaifinta.

Zugazugin yana nan rataye a ƙusa.
Ya ce kar in sayar, tukunya na ƙarewa.

Da safe Lantana mai gasa masara
Ta zo da kaskonta ɗiban garwashi,
Kamar kullum tun ina yaro.
Ta leƙa murhun, fes, ba ko toka.
Ta dube ni, ta dubi Baba,
Na rasa abin da zan ce mata.