Sun Goge Fito

Ranar Laraba, bayan kasuwa ta watse,
Ilu direba ya miƙo mini memori a ƙunshin takarda,
ya ce, "Daga Kano. Tsawa Biyar ce aka tattara wuri guda,
sha takwas cif, daga ta fari har wadda suka rabu a kanta."
Ni cajin waya nake yi a bakin tasha, gabas da Ringim,
ban san Tsawa ba balle Biyar.
Na saka a sifika. Jita ta ƙwala ƙara
kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin rijiya.

Kafin ta biyu ta ƙare, bencina ya cika da furfura.

Barau, da ya shekara talatin yana jan tirela zuwa Ikko,
ya karkato kunnensa mai ji, ya tsuke baki:
"An wanke ta. Ina shuuu ɗin kaset?
Miya ce ba daddawa."
Cindo mai gyaran rediyo yana ƙirge da ƙwayar gurjiya,
ya kai sha takwas, ya koma farko.
"Ina ta motar da ta mace a hanyar Nguru?
Wanda ya yi zaɓen nan bai taɓa tura mota ba,
yaron ofis ne, fanka na kaɗawa a kansa."
Barau ya ce ai waccan ba ta da daɗi.
"Kai ne ba ka da daɗi!"
Har sanda ta tashi sama. Sai ganga ta shigo,
sandar ta sauko tana dukan ƙasa daidai da kiɗa.

Samari masu jiran wayoyinsu na dariya:
"Baba, waƙa ce ko injin markaɗe?"
Ladan ya wuce da buta, ko kallo ba mu ishe shi ba,
amma na ga babban yatsansa a cikin silifa
yana ɗagawa, yana sauka.
Ta bayan danga Iya Tabawa ta aiko jika da naira hamsin,
wai a maimaita ta bakwai,
kuma kada a ce ita ta ce.

Mato kaɗai bai tofa ba.
Shi da ke sayar da igiya, ba a jin muryarsa sai a ciniki.
Da ta tara ta zo ƙarshe ya miƙa wuya,
ya ɗaga hannu a yi shiru. Aka yi.
Ta goma ta fara.
Ya ce, "Mayar." Na mayar. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara.

"A daren da aka ɗauki wannan ina wurin, Sabon Gari,
ni na ɗauko musu akwatin sauti a ka, sule biyu.
Da mai jita ya saki tsirkiya ta ƙarshe
na sa yatsu a baki na yi fito.
Yana cikin kaset. Shekara arba'in da ɗoriya
ko'ina aka kunna, daga Gumel har Agadas, ina ciki.
Yanzu sun share ni da ƙura."

Ba wanda ya ce komai. Janareta na tari.

Na sake mayarwa, ba tare da an sa ni ba.
Da gurbin ya zo, Mato ya kai yatsu baki,
haƙoran da za su tare iska sun riga shi tafiya.
Fuuu kawai, da ɗan yawu.

Sai yaron nan, mai maganar injin markaɗe,
ya saki wani fito da ya tashi balbelu daga kan kuka.
Mato ya dube shi sama da ƙasa,
ya ce, "Ka yi gaggawa. Sai tsirkiya ta mutu tukuna.
Kai, mai caji, mayar."