Katantanwa a Hannun Eliseo

Alhamis ce a tsibirin Chiloé,
ruwa na dukan kwanon rufi tun asuba.
Muka jingine tebura a bango,
kujeru sha tara suka yi da'ira,
ni kuwa na koma gindin murhun itace
na zauna a kan hannuwana.

Dokar tasu ce, ba tawa ba:
mai katantanwar teku a hannu, shi ke da baki.
Yasna Cárcamo ke jan ragama yau.
Ta ɗaure gashi da zaren koma, ta ce,
"Kejin kifin kamfani da ke bakin gaɓarmu,
a bar su, ko a kwashe?"

Aji ya kama kamar busasshen kara.
Benigno ya ce ruwa ya yi wari,
kakarsa ta daina tsintar ciyawar teku.
Ilse ta ce wari ba ya hana albashi,
da shi aka saya mata takalmin roba.
Wani ya yi kuskuren lissafi,
gyara ya taso mini har maƙogwaro,
na haɗiye shi da ɗaci.
Shekara ashirin ina cika ɗakin nan da muryata,
ashe wuri nake tarewa.

Sai katantanwa ta faɗa cinyar Eliseo Barría,
yaron da tun Maris
ban ji komai daga gare shi ba sai tari.
Ya juya ta. Ya sake juyawa.
Itace ya fashe a murhu.
Yasna ta ɗaga yatsa, ta tsare masa shirunsa
kamar mai tsaron tukunya kada a buɗe kafin ta nuna.

"Babana ke nutsewa ƙarƙashin kejin," ya ce,
"yana kwaso matattun kifi.
Sau shida a yini.
Da dare nakan ji ƙasusuwansa na ciwo ta bango.
Ina so a kwashe su.
Ina so kuma a bar su.
Ban san wanne ba."

Babu wanda ya yi dariya.
Ilse ta dubi takalminta.

Ƙararrawa ta kaɗa ba a yanke komai ba.
Suka fita cikin ruwa suna ci gaba da musu,
muryarsa a ciki, siririya, tana neman hanya.
Na ɗauki katantanwa zan mayar a aljihun tebur,
na ji ta da ɗumi.