Ƙofar Hagu

A Modena, hawa na uku, in an kwashe kwanukan dare,
Argia takan goge tebur ta ce, "To, Ermete, ga filinka."
Sai in shimfiɗa tsohuwar jarida,
in buɗe kwali.

Mota ce a ciki, amma ita ba ta sani ba tukuna:
gutsattsari ɗari da arba'in da biyu
maƙale a rassan roba
kamar 'ya'yan itacen da ba su nuna ba.

Shekara talatin da takwas na yi ina bugun jikin mota.
Guduma ta san tafina, tafina ya san guduma.
Yau hantsaki ne makamina,
sai na ɗauke numfashi kafin in dasa sitiyari
wanda bai kai ƙwayar wake ba.
Gam ɗigo ɗaya. Biyu ɓarna ne.

Ran Talata fitilar gaba ta yi tsalle ta ɓace.
Na durƙusa, gwiwa tana ƙara kamar tsohon ƙyaure,
na lalube ƙarƙashin kujera har ƙararrawar coci ta buga goma.
Da safe Argia ta zazzage ta daga silifas ɗinta,
ta ajiye min kusa da kofin gahawa,
ba ta ce uffan ba.

Takardar kwali ta ce a fesa ja, ja guda, sumul.
Takarda ba ta nan a daren da nake tunawa.

Ina ɗan shekara sha tara, yaron shago,
babbar yayar wannan tana tsaye a garejin Malagoli,
doguwar hanci, ƙasa-ƙasa kamar kyanwa mai haƙon tsuntsu,
gobe mai ita zai zo daga Milano.
Na juyo da jak a kafaɗa, ban duba ba.
Ƙwal!
Ƙofar hagu ta lotsa, faɗin tafin hannu.

Na kwana ina bugu daga ciki, a hankali, kamar mai roƙo,
na haɗa fenti a hasken kwan fitila ɗaya,
jan ya fito, amma da ɗan duhu,
kamar tumatirin da ya ƙara kwana.
Malagoli ya zagaya ta da safe, ya shafa, ya yi fito.
Mai ita ya biya, ya tayar, ya tafi.
An ce ramin ƙarya ƙurarre ne;
nawa na yi shekara sittin a ciki ban taɓo bango ba.

Saboda haka na gasa bakin cokalin shayi a kyandir,
na danna shi a ƙofar da ba ta kai farcena biyu ba,
na cike, na goge da samfefa, na bar inuwar lotsawar,
na ɗiga baƙi kaɗan cikin ja.
Na kankare kujerar direba inda gwiwar hannu ke ci,
na ja wayoyin filogi da zaren da na warware daga tsohuwar rediyo.

A ƙungiyarmu ta ran Asabar, bayan shagon aski,
Osvaldo ya ɗora gilashi a ido ya daɗe.
"Injin ya yi. Tayoyi sun yi.
Amma ƙofar nan, tsoho, idonka ya fara tafiya."
Ya ba ni na huɗu.
Na yi masa godiya.

Jikata Nives ce ta kwantar da haɓa a tebur,
ta daidaita ido da tagar motar,
ta ce, "Kaka, wa ya buge ta?"

Na cire tabarau, na goge, na mayar.
Taliya tana tafasa, Argia ta rage wuta don ta ji.
Na ce, "Jawo kujera."