Laimar Aro

A Grimsby, saman shagon da nake suyar kifi,
akwai wani ɗaki mai yoyo.
Nan suka fara, su huɗu, wata Talata:
Tamsin, murya siririya kamar silin gashi,
Corin mai jita, tsirkiya biyar maimakon shida,
Hollis mai ganga, da ƙanwarsa Bryony
da ta koyi piyano a coci, ta kawo shi nan ya koyi rashin ji.

Sati uku suna neman suna.
Wani dare ruwa ya tsuge, suka ari laimata.
Ba su maido ba, sai suka raɗa wa kansu ita.

Kiɗansu ba na tayar da jijiyar wuya ba ne.
Waƙar bas ɗin da ta wuce ka a tasha,
waƙar shayin da ya huce kana jiran waya.
Gangar Hollis kan sauko ta rufi
ta sa mai rawa a kasko,
har na saba juya kifi a kan bugunsa.

Faifai ɗaya suka buga, kwafi ɗari biyar,
da kuɗin babur ɗin Corin.
Rediyo ta sa shi sau ɗaya, biyu saura na dare,
mai gabatarwa ya kira su da sunan wasu.
Duk da haka Tamsin ta sauko a guje ba takalmi
ta rungume ni, ƙullu a hannuna.

Sun je Hull, sun je Leeds sau biyu.
A Landan mutum sha ɗaya suka tarar,
uku ma'aikatan wurin ne.

Masu tambaya so suke in ce faɗa aka yi.
Ba a yi ba.
Hollis ya samu aiki a gidan waya,
Bryony ta tafi karatun jinya.
Talata ta zo, ba wanda ya hau bene.
Wata Talatar ta zo.
Wata sha huɗu ke nan, ko yaye ba a kai ba.

Zanen aro, an ce, ba ya rufe katara.
Ashe laima ma haka.

Kwalin faifan da ya rage yana nan,
shi ke tokare ƙafar firji.
Bara wani yaro ya zo tun daga Osaka
wai a nuna masa ɗakin.
Na nuna masa: buhunan dankali, bokitin tarar yoyo.
Ya cire hula, ya yi tsit kamar a maƙabarta.
Ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis-ɗis, ɗis,
kuma wallahi bugun Hollis ne,
har da ɗan lattin nan nasa.