Ɗakin Sanyi

Ni ke riƙe da makullin ɗakin sanyi a Kakuri.
Shekara goma sha ɗaya ina jera kwalin kifi bisa kwali,
riga biyu a jiki, safa a hannu,
a waje kuwa rana na narka kwalta.

Daren jiya Nusaiba ta baje littafi a tabarma.
An ɗauke wuta, sai fitilar waya.
Ta ce, Baba, gobe Malama Ladi Kure za ta tambaye mu tundura.
Na ce, ita kuma 'yar gidan wa ce?
Ta yi dariya har ta ƙware.

Ƙasa ce, in ji ta, can ƙuryar duniya,
arewar da Arewarmu kudu ce a wurinta.
Ba kuka, ba ɗorawa, ba ko darbejiya guda.
Itacen da ya yi taurin kai ya tsiro
da ƙyar yake wuce idon sawu,
yana rarrafe, iska na bi ta kansa.
Ka haƙa kamu ɗaya ko biyu, fatanya ta ce ƙwal,
ƙarƙashi ya daskare tun kakannin kakanni.
Saiwa ba ta da hanya.
Ruwan sama kaɗan ne, kamar na hamada,
amma da yake ba shi da wurin nutsewa
sai ya kwanta ya zama fadama,
sauro ya taso, runduna guda.

Na ce, to, har can ma?
Sauron Nasarawa ashe yana da dangi.

Ta nuna min hoto:
barewa mai ƙaho kamar reshe
tana tone ƙanƙara da kofato don gansakuka.
Dila mai sauya riga,
fara fat da hunturu, ruwan ƙasa in an sami ɗumi.
Mujiya fara. Ɓera mai rami ƙarƙashin farin bargo.
Sai wasu shanu masu gashi har gwiwa
da in kerkeci ya zo
sukan yi da'ira, ƙaho waje, 'yan maruƙa a tsakiya.
Wannan na daɗe ina kallo.

Wata da watanni rana ba ta faɗuwa, in ji ta,
wata da watanni kuma ba ta fitowa.
Uwarta daga bakin murhu ta ce,
to mai azumi fa, yaushe zai sha ruwa?
Littafin bai ce komai ba.

Ni dai na san abin da littafin bai sani ba:
sanyi na gaske ba ya hayaniya.
Yatsa yake fara kamawa, ya hau kunne,
ya sa gashin hanci ya tsaya,
numfashinka ya fito ya tsaya gabanka yana kallonka.
Na kuma san ranar da injin ya mutu
kwana biyu, Oga Ikenna na zagaye da waya a kunne,
ruwa ja na bin ƙarƙashin ƙofa.
Abin da sanyi ya rufa wa asiri
ɗumi ke tonawa, da wari.

Nusaiba ta juya shafi ta ce,
can ma ƙarƙashin ya fara narkewa.
Ban ce komai ba.
Wa ke riƙe da makullin nasu?

Da asuba na bi ta gada.
Kogin Kaduna ya ja baya, duwatsu sun fito shan iska.
A bakin yashi wata 'yar tsuntsuwa mai siraran ƙafafu,
ba ta kai tafin hannuna ba,
tana tsaga laka da baki, sauri-sauri.
Yarinyar ta ce irinsu wasu can ake ƙyanƙyashe su,
su keto teku da hamada.
Ban sani ba ko ita ce.
Na dai rage tafiyar keke,
na ce mata sannu da hanya.